Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ambaci sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In suna ɗaki ɗaya kuma tana da magana, ni auta take kallo ta ce, "Ki ce mai ga tuwo nan." Shi kuwa yana zaune gabanta, kunnuwansa ras.

Ya zama likitan tiyata a babban asibitin birni, aikinsa dashen ƙoda. Shekara da shekaru yana binciken abin da ke sa jikin mutum ya ƙi ƙodar da aka dasa masa. In ya zo garinmu Boɗinga ran kasuwa, sai ya saye ƙodojin raguna wajen mahauta, ya baje su kan faranti yana gwajin ɗinkin jijiya da zare siriri kamar gashi. Ina tsokanarsa cewa ya yi karatu mai nisa don ya ƙare a tela.

Da ƙafafun Inna suka fara kumbura, ta ɓoye masa. Ya za a yi ta miƙa wa ɗan fari ƙafa ya taɓa? Da ya shigo gaisuwa sai ta ja zane ta rufe, ta amsa "lahiya lau" tana kallon bango. Ni kuma ta hana ni faɗa. Ina aure a Shagari, amma zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in sauke, in hau mota zuwa Boɗinga, in tarar kumburin ya hau gwiwa, in koma gida in kasa cin abinci. Haushinta nake ji, wallahi. Mutane na zuwa daga nesa neman ɗanta, ita tana shan jiƙe-jiƙe a bayan ɗaki.

Ranar da ta faɗi a bakin murhu ya ga ƙafafun. Nan take ya kai ta asibiti aka duba ta. Ƙodojinta biyu sun daina aiki. Aka fara yi mata wankin ƙoda, aka gwada jininmu, nasa ne ya dace da nata. Ya ce zai ba ta ƙodarsa ɗaya.

Ta ce atafau. "Ki ce mai ba ni so. Abin da Allah yab ba shi, ba ni amsa."

Na koma masa. Ya ce, "Ki ce mata ɗaya ta ishe ni rayuwa. Aikina ne, na sani."

Haka na yi ta safa da marwa tsakanin gadonta da ofishinsa, tana ramewa a kan idona. Ran nan na gaji, na fashe da kuka na ce mata in ta mutu, shi za ta bari da abin har abada. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To, ki ce mai shi yi."

Abokan aikinsa suka yi tiyatar. Ina tsaye kanta lokacin da allurar barci ta fara sakinta. Ido a rufe, ta buɗe baki ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro in ya yi nisa da gida. Shi yana can wani ɗaki bai farka ba.

Ta warke, ta koma "wancan" ɗinta. Ita ban gaya mata ba, shi na gaya wa. Yanzu ya fara furfura, amma duk zuwan da zai yi Shagari, sai ya jira yara sun fita ya matso kusa da ni ya ce, "Sake faɗa mini, yaya ta kira shi?"