Ranar da Na Kai Ƙarar Ƙanena a Kan Tukunyar Maya

In ana hira aka tambaye ni abin da ba zan taɓa mantawa ba, nakan yi dariya in kawo wani labari daban. Amma na gaskiyar shi ne wannan, kuma na san ba zai bar raina ba har in koma ga Allah: ranar da na kai ƙarar ƙanena wurin kawunmu a kan wata tukunyar ƙasa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, Mma. A unguwar Ayigya Zango muka tashi, jami'a tana tsallaken titi, muna ganin ɗalibai suna wucewa kullum. Mahaifinmu ya rasu ina tsakiyar sakandare, sai na ajiye karatu na koyi zanen mota. Har yau sana'ata ke nan a tashar motoci ta Race Course. Ina rubutu a goshin motocin haya da muke kira trotro, ina zana zaki da mikiya a bayan manyan motoci, direbobi suna ce mini Masta. Ni na fara kama hannun ƙanena na nuna masa yadda ake riƙe buroshi. Shi kuwa ya ci gaba da boko, har ya shiga jami'ar nan, sashen da ake koyar da aikin yumɓu.

A shekararsa ta ƙarshe ya dawo gida wata rana da wani ƙaton littafi da ya aro a makaranta. Ya same ni a gindin mangwaron bayan gida ina wanke buroshi, ya buɗe mini a kan gwiwa.

"Yaya, dubi wannan. Aikin wasu mutane ne da ake kira Maya, can ƙasashen tsakiyar Amurka. Sun fi shekara dubu da yi, kuma da hannu kawai suka gina su."

Tukwane ne dogaye, miƙaƙƙu kamar gwangwani, an yi musu zane da ja da baƙi a kan fari-fari. Ban taɓa ganin layi siriri kamar nasu ba. Ya ce mini zanen nan ba ado ba ne kawai, addininsu ne. Ya nuna mini wani mai dogon hanci riƙe da gatari, ya ce shi suke roƙo ruwan sama. Ya nuna mini wani saurayi mai dogon kai kamar goyon masara, yana fitowa daga tsagaggen bayan kunkuru, ya ce wannan abin bautarsu ne na masara. A ganinsu yana mutuwa a binne shi, ya sake tsirowa. Shi ya sa in babba ya mutu sukan binne shi da irin waɗannan tukwane. Rubutun da ya zagaye bakin tukunya kuwa, wai yana faɗin mai ita da abin da ake sha a ciki.

"Ka san me suke sha? Koko. Ba na gero irin na Mma ba, kokon itace, wanda ake lodi buhu-buhu a garin nan."

Na yi dariya na ce ashe 'yan uwan Asante ne, masu garin nan, manoman koko. Daga nan ya faɗa mini abin da ya kawo shi. Aikinsa na kammalawa shi ne ya gina irin tukunyar nan da ƙasarmu, ya haɗa launukan daga jar ƙasa da farar ƙasa, ya gasa. A kan haɗi da gashi za a auna shi, don haka malaminsu ya yarda ya nemi taimako wajen zane. Shi kuwa hannunsa yana rawa a kan siririn layi. Mako uku muka yi, kullum bayan la'asar. Ni na yi rubutun bakin tukunyar gaba ɗaya, ni kuma na zana fuskar saurayin masara. In zan faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, kuma ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini haramun nake yi ba.

Ranar baje kolin ayyukan ɗalibai na je daga wurin aiki kai tsaye, da fenti a wandona. Tukunyarmu tana tsakiyar ɗaki a kan farin teburi, mutane sun yi mata zobe. Wata baturiya da ta zo daga waje ta sunkuya tana bin rubutun bakin da ido, tana girgiza kai don sha'awa. A gaban tukunyar an ajiye kati da sunan ƙanena shi kaɗai. Yana tsaye cikin riga mai kyau yana zuba Turanci. Ya hango ni ya ɗaga mini hannu, amma kafin ya taho wani ya ja shi. Na tsaya kamar minti biyar, na juya na fita. A titi na ji raina ya ɓaci. A lokacin na ce wa kaina gajiya ce.

Bayan wata biyu takarda ta zo. An ba shi shekara guda a Meziko, ya je ya yi nazarin tukwanen a inda aka adana su. Mma ta dafa shinkafa da wake aka rarraba wa maƙwabta. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Autana zai hau jirgi." Ni ina zaune ina amsa barka, ina murmushi. Ina tunanin ni na bar makaranta don ya yi, ni na koya masa, ni na ja layin da baturiya ta yaba, amma ni gobe zan koma in tsuguna a bayan motar gawayi. Ko abinci na daina ci a gida, don kada in ji ana maganar tafiyar.

Ban ce wa kowa ina hassada ba, har kaina ban ce wa ba. Sai na nemo wa abin riga mai kyau. Wata safiya a teburin mai shayi, direbobi suna taya ni murna, na yi ajiyar zuciya na ce ni dai abin yana damuna, don gumaka ne zai je ya koyo, tukwanen da arna suke binne matattunsu da su. Na faɗa a hankali, kamar mai jin tsoron Allah. Kafin Juma'a maganar ta shiga Zango ta ko'ina. Ranar Juma'ar kuma na tafi unguwar Dichemso wurin Kawu, yayan Mma, malami mai makarantar allo. Tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce ta ƙarshe a gidanmu. Na san in ya ce a'a, ƙanena ba zai tafi ba ko da an kawo jirgin ƙofar gida. Kawu ya saurare ni har na gama, ya ce mu zo gobe da hantsi, mu taho da tukunyar.

Ba na manta zaman nan. Kawu yana kan buzunsa a zaure, mu biyu muna ƙasa, tukunya a tsakiya. Ya sa tabarau, ya ɗauke ta yana juyawa a hankali. Ya nuna zanen ya tambaya wane ne wannan, ƙanena ya yi masa bayani kamar yadda ya yi mini.

"Ka yarda da shi?" in ji Kawu.

"A'a, Kawu. Allah Ya tsare ni."

"To me kake nema a wurinsu?"

Ƙanena ya ce yana so ya san yadda suka haɗa launin da ya daɗe haka a cikin ƙasa bai goge ba, kuma yana so ya fahimci yadda mutanen da littafi bai zo musu ba suka yi tunanin mutuwa. Kawu ya daɗe yana kallon saurayin nan da ke fitowa daga bayan kunkuru, sannan ya ce, "Sun dubi masara sun hango tashi bayan mutuwa ke nan. Sai dai ba su gane Mai tayarwar ba." Daga nan ya ɗora yatsa a kan fuskar ya ce, "Wa ya zana wannan?"

Kalma ɗaya ƙanena zai faɗa in gama yawo. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Aikina ne, Kawu. Duk abin da ke jikinta a wuyana yake." Ni kuma na sunkuyar da kai na yi shiru. Cikin duk abin da na yi, shirun nan ne ya fi ci mini rai har yau.

Kawu ya yanke hukunci. Ya ce sanin abin da mutanen da suka wuce suka bauta wa ba bauta ba ne, ya je ya yi karatunsa ya riƙe sallarsa. Amma shi ba ya son zanen mai rai, don haka tukunya ta koma jami'a, kada ta zauna a ɗakin da ake salla. Ƙanena ya yi godiya, ya fita neman tsumman da zai naɗe ta. Da muka rage mu biyu, Kawu ya cire tabarau ya dube ni.

"Allon da ke ƙofar makarantar nan kai ka rubuta mini. Na san yadda kake jan layi. Shekara nawa kana zana zaki a bayan mota ban ji ka zo mini da fatawa ba? Tashi ka je, ka tambayi zuciyarka abin da ya kawo ka."

Tafiya dai ba ta fasu ba, amma maganar da na saki ta riga ta yi aikinta. Ƙanena yana koyar da yara a wata Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi, sai wasu iyaye suka ce ba su yarda mai gumaka ya karantar da 'ya'yansu ba, aka ce ya dakata. Mma ta je bikin suna, wata mata ta kira ta uwar mai gumaka a gaban jama'a. Ta dawo ta shiga ɗaki tana kuka, tana tambaya wane maƙiyi ne ya yi mata haka, ni kuwa ina tsaye a tsakar gida ina jin ta.

Ranar tafiyarsa na raka shi tashar motar Ankara, babban birnin ƙasarmu, inda zai hau jirgi. Ana ɗaure kaya a sama na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

"Na sani, Yaya. Ba zuwa wurin Kawu kaɗai ba, har ta teburin mai shayi. Kai kaɗai na gaya wa zancen binne matattu." Sannan ya ce, "Da ka ce mini ranka ya ɓaci a kan katin nan, da na sa an gyara. Ka kula da Mma."

Ba faɗa, ba zagi. Ya shiga mota ya zauna.

A makon nan na gaya wa Mma gaskiya, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na koma wurin mai shayi, na je wurin shugaban Islamiyyar, na ce ni na zana fuskar, ni kuma na ƙirƙiro maganar saboda baƙin ciki. Wasu suka yarda, wasu suka ce rufa wa ɗan'uwana asiri nake yi. Ƙanena ya dawo lafiya, yanzu yana koyar da aikin yumɓu a wani gari. Bai sake zama a Zango ba, bai kuma sake koyarwa a Islamiyya ba. Muna zumunci, 'ya'yansa suna zuwa hutu wurina, ya ce ya yafe kuma na yarda. Amma tun daga ranar bai ƙara kawo mini wani aiki nasa ya ce Yaya dubi wannan ba.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da sunanta. Ni da sunan kishin addini ta zo mini, kuma na karɓe ta don na ji daɗin rigar. Yanzu duk lokacin da na ji raina ya tashi a kan wani, ina cewa don Allah nake yi, nakan dakata in tambayi kaina: da ni aka ba abin da aka ba shi, zan ga laifin? In amsar a'a ce, sai in kama bakina in yi masa addu'a.