Umrar da Yaya Isiyaku ya ƙi yi

Shekara bakwai ke nan da aka sallaci gawar yayana Isiyaku a Harami, aka wuce da shi makwancinsa. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don mutanen unguwarmu ta Misfala a nan Makka sun san shi, ba sai na gaya musu ko wane ne ba. Bana dai na ga ya kamata, saboda akwai wata gardama tsakanina da shi da ba mu ƙarasa ba har ya koma ga Allah.

A Misfala aka haife mu, ni da shi. Kakanninmu ne suka taso daga Kano, suka bi ta Sudan, suka zo aikin Hajji, suka zauna. Sana'ar Yaya ita ce tura arabiyya, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da Safa da Marwa. A bayan keken nan ya tsinci Turkanci da Urdu da ɗan yaren mutanen Indunusiya. Mutum ne mai sanyin magana, amma fa taurin kai sai dai a bar masa. In ya ce a'a, ko duk dattawan unguwa aka tara masa, sai dai su sha shayi su watse.

Wata shekara, a lokacin Umra, ya tura wata tsohuwa mai suna Hajiya Sona, tare da 'yarta Laila. Daga Iran suka zo, amma ba Farisawa ba ne. 'Yan ƙabilar Azeri ne na arewacin ƙasar, harshensu ɗan'uwan Turkanci ne. Yaya ya ji tsohuwar tana ce wa 'yarta ƙishirwa take ji, sai ya amsa mata da Turkanci, ya ɗebo mata zamzam. Ya ce min juyowa ta yi daga kan keken ta daɗe tana kallonsa. Kwana kaɗan bayan haka ya kawo min su gidana a unguwar Zahir, ya ce baƙin Allah ne, a yi musu tuwo.

Bayan an ci abinci ne tsohuwar ta ba mu labarin ɗanta Sabir, Yaya yana fassara min. Malamin makaranta ne. A makarantunsu da Farisanci ake karantarwa, shi kuma ranar Juma'a yakan tara yaran unguwa a gidansa ya koya musu karatu da rubutu da harshen iyayensu. Wata rana shi da abokansa suka tsaya a dandalin garinsu riƙe da allunan da ke roƙon a sa harshensu a makarantu. Bai jefi kowa ba, bai zagi kowa ba. Aka kama su, aka yanke masa shekaru masu yawa, wai yana barazana ga tsaron ƙasa. Shi ne ma ya yi wa uwar alkawarin zai kawo ta Makka ya tura ta da hannunsa, gurbinsa Laila ta shiga.

Daga nan ta faɗi buƙatarta. So take Yaya ya je Tan'im, miƙatin mazauna Makka, ya ɗauki harama, ya yi Umra a madadin Sabir. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, mazauna Makka kullum ana roƙon mu irin haka, kuma Yaya ya yi wa mutane da dama. Amma sai na ga ya sunkuyar da kai.

"Yana da lafiya?" ya tambaye ta. Ta ce da lafiyarsa, gwargwadon lafiyar ɗan kurkuku.

"To Hajiya, ba zan yi ba," in ji shi. "Mu abin da muka sani, mamaci ake yi wa, ko wanda aka fid da rai zai iya zuwa har abada. Ɗanki bai mutu ba, ni kuma ban fid da rai ba. Shi zai zo da ƙafarsa."

Ta ce a wajen malamansu ya halatta a yi wa mai rai. Ya ce bai musa ba, kowa da malamansa, masu yi mata kuma ga su nan birjik a ƙofar Harami, amma ba shi ba. Ya yi mata alkawari ɗaya, duk ɗawafin da ya shiga sai ya ambaci sunan ɗanta a addu'a. Tsohuwa ta yi kuka a ɗakina, ta tashi ba ta ko sha shayin da na zuba mata ba.

Ranar na ji haushin Yaya ƙwarai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ce masa, "Haba Yaya, tsohuwa ta taso tun daga uwa duniya da abu ɗaya a ranta, sai kai ne za ka zame mata mai fatawa? Me za ka rasa?" Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Binta, waɗanda suka rufe shi so suke a lissafa shi cikin matattu. Ba za su samu hannuna a ciki ba." Na ce wannan magana ce ta wanda ɗansa yake kwance a gida. Har yau ina ganin da ya sassauta murya da ya fi, don gaskiya ma ana iya shafa mata mai.

Alkawarin kuwa ya riƙe. Duk sallar idi yakan kira Laila a waya ya gaida tsohuwar, wadda ta daɗe ba ta yarda ta karɓi wayar ba. Da aka yi shekaru mutanen Iran ba sa zuwa Umra, bai daina ba. In na tsokane shi na ce ina mutuminka mai zuwa da ƙafarsa, sai ya ce in da rai da rabo. A haka ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya rasu Sabir yana tsare.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Makkan yau. Yanzu motocin lantarki ke kwasar tsofaffi a benen Harami, ta waya ake kama wuri, direba ba ya ko sanin sunan wanda ya ɗauka. Lungun da muka taso a Misfala an rushe, otal ne a wurin. Ina jin waɗannan zai kaɗa kai ne kawai ya wuce. Abin da zai dame shi yana cikin gidajenmu. Jikokinsa da nawa, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci, ƙaramar cikinsu ko "ina kwana" sai an yi da gaske. Babu wanda ya ɗaure mu, babu wanda ya hana mu, mu ne muka saki da hannunmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wani yana cinye ƙuruciyarsa a kurkuku don yara su karanta harshensu, mu kuma namu yana zubewa a tsakar falo muna kallo. Wannan yana ba ni kunya, kuma yana ba ni tsoro.

Bayan rasuwar Yaya da 'yan shekaru aka saki Sabir. Laila ta kira ni da ɗan Larabcinta, ta ce yana son magana da mutumin da ya tura mahaifiyarsa. Ashe labari bai kai musu ba, na gaya musu ya rasu. Sai na ji muryar Sabir, Laila tana juya min. Ya ce uwarsa ta kawo masa labarin ne a ziyara, cikin fushi, tana ƙorafin wani baƙar fata mai taurin kai a Makka. Shi kuwa ya ce a lokacin lauyansa ya gaji, abokai sun janye, har a gida an fara maganarsa kamar wanda ya shuɗe. Jin cewa akwai mutum a gaban Ka'aba, wanda bai taɓa ganinsa ba, da ya ƙi yarda an gama da shi, ya ce shi ya riƙe shi a shekarun da suka rage. Na so a ce Yaya ya ji wannan da kunnensa, ko da zai yi min gori har ƙarshen rayuwata.

Ba su ba Sabir fasfo ba. Bai daɗe a waje ba kuma suka sake kama shi, a wani zama da aka yi na karanta waƙoƙi da harshensu. Yana can har yanzu, furfura ta fara fito masa, in ji Laila.

Yaya bai bar wa magada gida ba, bai bar gona ba, keken ma an sayar. Abin da ya bari shi ne wannan ƙin yin Umrar, kuma na ga yana da nauyi fiye da yadda na auna shi a lokacin.

Bara Hajiya Sona ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Laila ta roƙe ni in yi mata Umra. Na je Tan'im na ɗauki harama da sunanta, na yi mata, da ciwon gwiwata da komai. Da na kira na shaida mata an kammala, ta yi godiya, ta yi addu'a, sai ta tsaya tana inda-inda. Na san inda za ta dosa. Ta ce wannan karon hukuncin Sabir ya fi na farko tsawo, lafiyarsa kuma ba kamar da ba, ko zan duba in yi masa shi ma.

Na ce, "Laila, yana numfashi?" Ta ce yana yi. Na ce to ki gaya masa Umrarsa tana nan ba wanda ya taɓa ta, muna jiran sa.