Tsoho Mai Tukunyar Oksijin a Filin Ƙwallo

Har gobe ban manta da wata rana a watan Nuwamba na 2022 ba, lokacin gasar cin kofin duniya. Ku sababbin zuwa nake so ku ji, don na ji wasunku na cewa hana shan taba wahalar banza ce aka ɗora wa mai gadi.

A lokacin ina gadin wani dogon bene a unguwar West Bay, a ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar, sai kamfani ya tura wasunmu filin wasa. A wurin horo aka bayyana mana cewa dama dokar ƙasar ta hana shan taba a rufaffun wuraren jama'a, kuma a gasar nan babu sigari a wurin zaman 'yan kallo, har da sigari mai batirin nan da ake zuƙa. Tsarin aikin shi ne ka yi wa mutum magana cikin ladabi. In ya ƙi, ka kira supabaiza ta oba-oba. Ba a taɓa jikin kowa.

Na ce wa supabaizanmu, Malam Lawal mutumin Gusau, "Yallaɓai, wa ya isa ya hana wannan taro shan taba?"

Ya ce, "Isuhu, kai dai tsaya inda aka tsayar da kai."

Aka tsayar da ni a sashen masu keken guragu. Wasan rana ne. Cikinsu akwai wani tsoho daga Kudancin Amurka, da siririn tiyo a hanci da 'yar tukunyar oksijin ɗaure a kekensa. 'Yarsa na zaune kusa da shi.

Ana zuwa hutun rabin lokaci, wani ƙato a layin da ke samansu, wanda aka ci ƙasarsu, ya zaro karan sigari ya sa a baki. Korona ta riga ta zaunar da ni watanni ba aiki, kuma na san ƙorafin baƙo ɗaya na iya jawo mini matsala. Haka na daure na hau, na nuna masa alamar da ke bango.

"Kara ɗaya ne, abokina," in ji shi da Turanci. Ya ƙyasta laita.

Hannuna na kan oba-oba sai 'yar tsohon ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa korona ta cinye wa mahaifinta huhu, shekara biyu bai shiga taro ba. Likitansa ya hana shi tafiyar, sai da suka nuna masa a rubuce cewa ba a shan taba a filayen nan. "Babana ya ce wannan ne kallonsa na ƙarshe," in ji ta. "Don Allah ka bari ya gama."

Mutumin ya daɗe yana kallon tiyon nan. Sai ya kashe laitar, ya karya sigarin, ya sauko ya durƙusa ya riƙe hannun tsohon, alhali rigunansu na ƙasashen da ke karawa ne.

A nan na ɗaga kai na dubi filin sosai. Dubun-dubatar mutane, kowa da yarensa da halinsa, wasu na ihu wasu na kuka, amma ko ina na duba babu hayaƙi ko zare ɗaya. Na ce subhanallahi. Da aka dawo wasa, tsohon nan ya ja numfashi ya kwarara ihu da ɗan ƙarfin da ya rage masa, 'yarsa na share hawaye.

Abin da ban faɗa wa kowa ba ranar shi ne, ni ma akwai kwalin sigari a jakata a ɗakin ajiya. Ban daina nan take ba, sai da na sha fama wata uku.

Saboda haka in kun tunkari mai sigari, kada ku je da faɗa, kada kuma ku je da tsoro. Yawancin mutane ba mugaye ba ne, ba su ga wanda ke kusa da su ba ne. Ni na yi sa'a na ga nawa da tiyo a hanci. Ku galibi ba za ku gan shi ba, amma yana cikin taron, yana numfashi.