Gajeren Irin da Yaya Umaru Ya Bari

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, wanda mutanen Kebbe suka fi sani da Malamin Gona. Allah Ya jiƙansa. Ni ma'aikacin asibiti ne a Tambuwal, ban taɓa zama manomi ba. Ɗan abin da na sani game da tsiro a lambunsa na koya, kuma sai da na sha kunya.

Da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, sai ya ware wani ɓangare na fadamarmu ya dasa na'ana'a. Mutane sun ɗauka ta shayi ce, shi kuwa mai yake nema. Ya haɗa tukunya mai murfi da bututun jan ƙarfe, ya ratsa bututun ta cikin randar ruwan sanyi. In ganye ya dahu, tururi ya bi bututu ya huce, ya ɗiga cikin kwalba, man ya taso sama. Mata masu haɗa man zafi da sabulu su ke zuwa saye.

Shekarar da ya tafi aikin hajji, ni ya bar wa lambun. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ga na'ana'ar gajera, na ji tausayinta, na yi ta zuba mata takin zamani da ruwa. Ta miƙe har ƙuguna, kore shar. Da ya dawo, tun bai gama hutawa ba na ja shi fadama ina jiran yabo. Ya tsuguna ya buɗa tsakanin karan, ya nuna mini ganyen ƙasa duk sun yi rawaya sun zube saboda inuwa.

"Sani, kara kan noma mini," in ji shi. "Wanga tsawo mi za ya ba mu? Mai ga ganye shike."

Tukunya uku muka dafa, ba mu sami ko man tukunya biyu ba. Wasu mata da suka taso tun daga Dogon Daji suka koma da kwalabensu wayam. Bai yi mini faɗa ba. Madubin ƙara girma ya miƙo mini, ya juya ganye, na ga ƙananan ɗigo suna ƙyalli a bayansa. Ya ce gidan man ke nan. Tsiron da ya fi so shi ne gajere mai rassa da yawa, mai ganye kusa da kusa, wanda rana ke ratsa ko'ina a jikinsa. Yakan yanka shi da zarar fure ya fara leƙowa, bayan raɓa ta bushe, ya bar shi ya yini a inuwa kafin dahuwa. Duk gindin da ya burge shi yakan ɗaura masa jan ƙyalle, daga nan kaɗai yake cirar dashe, shekara da shekaru.

Yanzu ɗiyarsa Hadiza ke riƙe da lambun. Ta karanci aikin gona, tana da tukunyar ƙarfe ta zamani da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, masu saye kuma ta waya suke nemanta. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai yi gunaguni cewa injin ya sa ruwa ya yi arha har ana shagwaɓa tsiro. Daga nan zai murza ganye ya shinshina kawai, don shi haka yabonsa yake.

Shekara uku da suka wuce ambaliya ta kwanta a fadamar, saiwar duk ta ruɓe. Hadiza ta yi kuka, don irin mahaifinta ba a samunsa a kasuwa. Ba a yi mako biyu ba sai ga wani dattijo daga Jabo a kan babur, da jiƙaƙƙen buhu cike da saiwa.

"Ɗiyata, naku ne," ya ce. "Malam ya ba ni da hannu nai, yac ce in aje."

Bayansa wani ya zo daga Sanyinna, sannan wata tsohuwa daga cikin gari da nata a tsohuwar roba. Mu da muka kwana gida ɗaya da shi ba mu taɓa sanin ya raba ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yaya bai bar gidan sama ba, ba kuma titin da aka sa wa sunansa. Ya bar ɗiya da ta iya aikinsa, da iri mai kyau a hannun mutanen da suka ga ya dace su mayar. Ni dai wannan ya ishe ni. Allah Ya kai haske kabarinsa.