Ranar da Ermete Ya Nemi Hannuna

Ermete Vandelli yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ba na ƙaunarsa. Duk mai tsohuwar motar tsere daga Modena har Nonantola ya san shi, wai gwanin sa gilashi. Gwani! Ni da na yi shekara ashirin da biyu a tsaye kusa da gwanintar nan, na san inda ta tsaya.

Babanmu mai sa gilashin mota ne, kuma tare ya koya mana. Motocin yanzu gam ake lafta wa gilashin gaba a manna, kowane sakarai zai iya. Na da kuwa roba ce ke riƙe shi. A jiƙa robar a ruwan zafi ta yi laushi, a naɗa ta a bakin gilashin, a cusa igiya mai kakin kyandir cikin tsagarta, a shafe da sabulu. Daga nan sai mutum biyu. Ɗaya ya zauna cikin mota yana jan igiya a hankali, leɓen robar yana hawa kan ƙarfen bodi. Ɗaya yana waje yana danna gilashi da tafin hannu, yana bin igiyar. In na waje ya yi gaggawa gilashi ya tsage, in ya yi nawa roba ta zame. Kuma Baba ya haramta wa kowane ƙarfe kusantar bakin gilashi.

A garejinmu, mai zama cikin mota shi ne maigida, shi masu mota ke miƙa wa hannu. Ermete ne a ciki, ni a waje, rani da sanyi. Aka binne Baba ranar Talata, Litinin na zagayowa ya tare ni a ƙofa ya ce, “Ombretta, masu irin motocin nan ba sa son ganin mace na tattaɓa musu kaya. Je ki nemi aikin mata.”

Na tafi. Na sami wani gidan abinci a bayan kasuwa, na yi shekara goma sha tara ina murza taliya. A coci in ya zauna dama sai in zauna hagu. Shi kuma ya ci gaba da halinsa. Bai yi aure ba, to wa za ta iya? A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake shan kofi, bai taɓa ce wa kowa sannu da aiki ba. Mutum goma sha ɗaya ya ɗauka su tsaya masa a waje, duk ya kore su, domin a wurinsa gilashi bai taɓa fashewa da laifin na ciki ba.

Wata Laraba da rana cikin Oktoba, ina tsaka da murza ƙullu, sai ga Ermete a ƙofar kicin ta baya, hannaye cikin aljihu.

“Ke Ombretta.”

“Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu. Aiki ne.”

“Na mata ko na maza?”

Ya sha toka, amma bai tafi ba. Abin da ya sa na ajiye muciyar murzawa ke nan, don Ermete da na sani da tuni ya kai bakin titi yana zagi.

Ashe Likita Zanasi ne, mai cire haƙori, ya kai masa wata jar mota mai kujera biyu da ya gada wurin ubansa, ƙirar 1966. Dutse ya tsaga mata gilashi. Gilashin lanƙwasasshe ne ta gefe biyu, kuma an daina yin irinsa tun muna matasa. Likita ya shekara biyu yana cigiya kafin ya samo guda biyu a wani tsohon sito. Na farko Ermete ya fasa shi makon da ya wuce, da mai gidan burodin maƙwabtansa a waje. Saura ɗaya tak. Likitan nan shi ne shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci, kuma ya rantse in na biyun ya fashe, ba ɗan ƙungiyar da zai sake taka garejin. Ermete kuwa ba shi da wasu masu kawo aiki sai su.

“Laifin mai burodi ne,” in ji shi. “Hannunsa kamar na mahauci.”

“Ai na sani, Yaya. Kai ka taɓa laifi?”

Allah ya sani ba don shi na je ba. So nake in ga idonsa lokacin da yake buƙatata, kuma gilashin bai yi mini komai ba.

Asabar da safe muka jingina gilashin a rana ya ɗumama. Ba gaisuwa, ba komai. Da ya fito da hannayensa don cusa igiya a roba, sai na ga abin da yake ɓoyewa a aljihu. Yatsun sun kumbura sun karkace kamar citta, sanyin ƙashi ya gama da su. Sau uku igiyar na kuɓuce masa. Na fizge na cusa da kaina, ya kawar da kai yana wa tukunyar sabulu faɗa.

Muka ɗora gilashi. Ya shiga ya zauna, na kafa tafukana. Gefen ƙasa ya tafi lafiya lau, jikina bai manta komai ba, ko kallonsa ba na yi na san inda igiya take. Da muka hau kusurwar sama ta hagu, inda gilashin ya fi lanƙwasa, sai jan igiya ya tsaya. Ta cikin gilashi ina ganinsa, gumi na ɗiga daga hancinsa, ya naɗa igiya a yatsa, yatsa ya ƙi riƙewa.

“Danna mana!” ya daka mini tsawa.

“Me zan danna? Ja kake yi ko addu'a?”

Sai na ga ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya zaro sukundireba. Tirƙashi! Nan take na gane yadda na farkon ya fashe, mai burodi bawan Allah ya sha zagi a banza.

“Ermete, ajiye ƙarfen nan.”

“Ɗan leɓen kawai zan ɗaga.”

“Ka kusantar da shi, in ɗauke hannuna, ka kira Likita ya zo ya kwashi tarkace. Fito!”

“In fito? Ni?”

“Kai ɗin. Fito ka danna.”

Mun fi minti guda muna harara ta cikin gilashin. Can ya jefar da ƙarfen ya fito yana ƙunƙuni, ya ɗora tafukansa inda nawa suke, na zare nawa a hankali. Ina da shekara sittin da ɗaya, ranar na fara zama a ciki. Na naɗa igiya a hannu, na riƙa juya ta kaɗan-kaɗan a kusurwar yadda Baba ke yi, roba na hawa. In faɗi gaskiya, tafin Ermete bai mutu ba, ya bi ni daidai, ba gaba ba baya. Igiya ta fita, gilashi ya zauna daram. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla, kuma na ɗan lokaci na ji kamar zan iya yafe masa.

Muna goge sabulu Likita ya iso. Ya zagaya mota, ya bi bakin roba da ɗan yatsa, ya kama hannun Ermete da hannu biyu.

“Maigida Vandelli, babu na biyunka! Na faɗa musu. Akwai mota huɗu a ƙungiya suna jira, in turo?”

“Turo duka, ranka ya daɗe.”

Sai Likita ya lura da ni. “Wannan baiwar Allah fa?”

Ga sabulu har gwiwar hannuna, ga shatin igiya ja wur a tafina. Ermete ko ƙifta ido bai yi ba.

“Ƙanwata ce. Abinci ta kawo mini.”

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin, na je famfo na wanke hannu. Da ƙarar motar ta yi nisa, ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, “Asabar mai zuwa, ƙarfe takwas. Kada ki makara.”

Asabar ta zo, ƙarfe takwas ina kicin ina murza ƙullu. Wajen sha ɗaya ya bayyana a ƙofar baya, ya ce motar farko na can tun safe, mai ita na jira, me nake nufi?

“Yi haƙuri, Yaya, yanzu zan sallame ka.”

Na tsamo taliya mai zafi, na zuba miyar nama, na ɗauki wuƙa na yayyanka ta guntu-guntu a gabansa, yadda ake yi wa yaran goye da tsofaffin da suka gama aiki. Na soka cokali a ciki na miƙa masa. Masu wanke-wanke suka bar aiki suna kallo, don a garin nan gara ka zagi uban mutum da ka yanka masa taliya.

Ya dubi farantin, ya dubi hannunsa. Na ɗauka zai watsa mini a fuska. Sai ya karɓa, ya damƙi cokalin da dukan tafinsa, ya cinye tas a tsaye, ya ajiye farantin a kan taga. Ranar Litinin aka wayi gari garejin a rufe, kuma bai sake buɗe shi ba.