Kwandon Ummu Milad

Kafin in san fuskar Ummu Milad, kwandonta na fara sani. Kullum da hantsi yakan wuce ta gaban barandarmu a ɗaure da igiyar shanya, ya sauka ba komai, ya hau da kaya. Wani lokaci kuma ya sake sauka da kayan da ya hau da su, sai a ji murya daga sama:

"Kai Sha'aban! Wannan tumatir ne ko jan ido? Mayar wa wanda ka tsinto a bolarsa."

Sha'aban mai amalanken kayan miya zai ɗaga kai ya rantse da ran 'ya'yansa, sannan ya sunkuya ya ciro na kirki daga ƙarƙashin buhu.

Muna hawa na uku, tana samanmu, a unguwar Shubra ta Alƙahira, a wani tsohon bene da aka gina tun ba a gano cewa gwiwar ɗan'adam tana ƙarewa ba. Tata ta ƙare shekaru kafin zuwanmu. A unguwar aka haife ta, a nan ta auri wani mai gyaran takalma, ta binne shi, ta raka ɗanta Milad filin jirgi ya tafi neman abinci ƙasar waje. Rabin rayuwarta ta yi shi tana girkin biki, na coci da na Musulmi duka, har aka kai matsayin da idan aka ce Ummu Milad ce a kan tukunya, wanda ba a gayyata ba ma yakan tuno da zumunci. Da ƙafa ta ƙi, sai ta mayar da kasuwa ƙarƙashin tagarta. Ba mai tallan da zai wuce ba ta tambaye shi garinsu, da inda ya saro, da wanda ya cuce shi ba. Ga shi Kiristocin ƙasarmu sun fi rabin shekara suna azumi ba nama ba man shanu, don haka ganye ba ya iya yi musu ƙarya.

Ni malamin lissafi ne, abin da ake kira Ustaz a nan, tuzuru, an yi mini canjin aiki daga Kena, can kudu, zuwa Alƙahira. Na taho da mahaifina, Hajji Abdurradi, saboda likitoci sun ce zuciyarsa tana bukatar aiki, kuma mahaifiyata da take yi masa girki ta rasu. Baba bai yi gardamar tahowa ba. Abinci kawai ya daina ci.

Na yi abin da ilimina ya koya mini. Na je babban kanti mai fitilu da sanyi, na ciko leda. Na duba waya, na sayo daga gidajen abincin da mutane suka yaba. Baba yakan buɗe, ya duba, ya rufe cikin ladabi kamar wanda ya je ganin gawa. Gurasar birni ya ce auduga ce. Kaza ya ce ba ta taɓa ganin rana ba, kuma ba zai zama shi ne farkon wanda zai zalunce ta ba. Maƙwabta suka aiko da kwanuka, ya yi godiya, ya ce ni in ci, shi ba a kai ga yi masa sadaka ba tukuna. Shayi da taba ne suka rage, taba kuwa an hana.

Rigarsa ta fara yi masa yawa. Da muka koma asibiti likita ya ɗora shi a sikeli, ya dubi jininsa, ya ja ni gefe.

"Ba zan sa wuƙa a jikin mutumin nan haka ba, Ustaz. Ba zai tashi ba. Ya ci ko mene ne, ya yi ƙwari, sannan mu yi magana. Amma zuciyar ba za ta jira mu har abada ba."

Washegari da na dawo daga makaranta, ina shanya tawul a baranda, murya ta sauko a hankali, abin da ban san tana iyawa ba.

"Ustaz. Hawo."

Na same ta a kujera kusa da taga, mace mai jiki, da baƙaƙen kaya, da ɗan gicciye a wuyan hannu. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce bangon gidan nan takarda ne, ta ji komai. Ta tambaye ni abin da mahaifiyata take dafa masa. Na ce miyar busasshiyar kuɓewa, da lalo, da gurasar nan tamu mai kauri da ake shanyawa a rana ta tashi.

"In na yi masa zai ci?"

"Ba zai ci ba. Zai ce sadaka ce."

"Yana da faɗa?"

"Shi kaɗai ya rage masa."

"To, alhamdu lillahi. Sauka."

Kashegari Juma'a ce, ina gida. Baba yana zaune a baranda da rawaninsa, yana kallon Alƙahira yadda ake kallon surukin da bai yi ba. Sai ga kwando ya sauko, ya tsaya daidai hancinsa. A ciki akwai kwano a rufe.

"Hajji! An ce ku mutanen kudu kuna taƙama da miyar kuɓewa. Ɗanɗana ka ji yadda masu wayewa suke yinta, ko ka samu labarin kai wa ƙauye."

Baba bai ɗaga kai ba, don namijin kudu ba ya ɗaga kai ya kalli matar mutane. Amma ya buɗe kwanon. Ya sa ɗan yatsa, ya kai baki. Na ga fuskarsa ta yi wani motsi da ban gani ba tun ranar jana'izar mahaifiyata.

"Rifa'i," ya ce da ni, "zo ka taɓa. Sukari ta sa."

Na taɓa. Da sukari, da tumatir, kuma an markaɗe ta a inji har ta zama kamar kunun jarirai.

"Baiwar Allah!" ya yi kira yana fuskantar titi. "Wa ya mutu a gidanku da aka yi wannan?"

"Mijina. Kuma da ita ya rayu."

"Allah ya ji ƙansa, ya huta."

Masu shagunan ƙasa suka fito suna kallon sama. Baba ya turo mini kwanon, ya ce in zubar in mayar mata. Na ce to, in wanke in sa a kwando haka? Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Haka? Yaushe kwano ya taɓa fita gidan Abdurradi ba komai a ciki? Za ka nemo mini busasshiyar kuɓewa, da tafarnuwa ƙanana, da man shanu na gaske, da gurasar rana, da maburgi. Yau zan nuna wa matar nan abin da ake kira miya."

Ban san inda ake samun ko ɗaya ba. Na ce zan je tambaya, na fita, na hau sama. Ta riga ta shirya.

"Man shanu, ka je wajen Fanus mai kanti a bayan coci. Kada ka kalli gwangwanayen gaba. Ka ce ni na aiko ka, a ɗebo maka na tulun ciki. Gurasa, benen da ke kallon famfo, matar mai gadinsu 'yar wajenku ce, tana gasawa a saman rufi. Za ta ce ba ta sayarwa. Ka yi mata magana da harshen ƙauyenku, ka bar wannan na makarantar. Kuɓewa kuma sai bayan tashar jirgin ƙasa, inda matan ƙauye suke sauka da kaya."

"Na taɓa wucewa. Na ga mata da baƙaƙen kaya a bakin hanya."

"Waɗannan 'yan unguwar nan ne, kayan ne na ƙauye. Wuce su. Ka duba kwando. Wanda ya hau jirgi za ka ga an ɗinke bakinsa da tsumma, zaren yana nan a jiki. Nan za ka tsaya."

"Maburgi fa?"

Ta nuna mini bayan ƙofar kicin. Yana rataye a ƙusa, hannunsa ya yi baƙi ya yi santsi saboda aiki. Na dube shi, na dube ta.

"Na uwar mijina ne," ta ce. "Kyankyaso nake kashewa da shi. Ka ce a kasuwa ka saya."

Ranar ban samu kuɓewa da wuri ba, sai da la'asar ta yi. Baba ya sa na kawo masa kujera gaban murhu. Ya murza maburgi tsakanin tafukansa har ya yi haki, ya miƙa mini, ya karɓe saboda ina yi kamar mai gyaran fensir. Ya ɗanɗana gishiri. Ya sake ɗanɗanawa don ya tabbata. Ya ce miya ba a gane ta a cokali, sai da gurasa. Ya gutsura. Ya ce gurasar ba ta kai ta marigayiya ba, ya sake gutsura don ya gano inda matsalar take. Kafin a zuba wa Ummu Milad nata, rabin tukunya ya tafi wajen bincike.

Kwando ya hau. Baba ya zauna yana jira kamar ɗalibi a ƙofar ofis.

"Ba laifi," murya ta ce daga baya. "Ta yi kama da abinci. Gobe zan aiko maka da lalo ka ga iyakarka."

Lalon da ta aiko, ruwa yana gefe, ganye yana gefe, ba sa ga maciji da juna. Haka aka buɗe yaƙi. Duk abin da ta ɓata sai ya gyara, duk abin da zai gyara sai na nemo kayansa, duk inda zan nemo sai na hau sama a ɓoye an faɗa mini. Da haka na san mai wake da yake kwana da tukunyarsa a kan wuta, da mai cukun da yake bari ka ɗanɗana ba ya kallon hannunka, da tsohuwar da take kawo ƙwai a cikin ƙaiƙayi. Da Baba ya ji cewa Laraba da Juma'a ba ta cin man shanu saboda azumi, ya yi gunaguni a kan addinin da yake hana mutum man shanu, sannan ya sa na sayo man zaitun.

Ranar da ta aiko da tantabarar da ta bushe kamar takalmin mijinta, ya ce wannan ta fi ƙarfin murhunmu. Ta faɗa mini wani ɗan gidan abinci a ƙarƙashin gada, ba allo ba suna, inda direbobin kudu suke ci. Baba ya sa sabuwar riga, ya fita da ƙafarsa karon farko ba don asibiti ba. Ya ci tantabara cushe da ɗanyar alkama, ya gano cewa mai wurin jikan wani ne da suka taɓa rigimar iyakar gona, suka rungume juna.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne abin da yaƙin yake ci mata. Baba a baranda yake yanke hukunci, da murya irin ta mai kiran saniya daga tsallaken kogi. Duk titi ya ji cewa Ummu Milad tana sa sukari a kuɓewa. Mata suka fara cewa tsufa ne. Wata da ta yi niyyar kawo mata girkin baikon 'yarta ta kai wani wuri. Har Sha'aban ya samu baki.

"Ki karɓi tumatirin haka, Ummu Milad, ai sukari zai rufe!"

Na hau na ce mata zan gaya wa mutane gaskiya.

"Wace gaskiya?"

"Cewa da gangan kike yi."

"Wa ya ce? Ka ga na yi kama da mai ɓata abinci? Rufe bakinka, Ustaz, sai an yanka Hajji an ɗinke. Kuma ka gaya wa Sha'aban ina nan, ban mutu ba."

Da muka koma asibiti, sikeli ya yi magana, jini ya yi magana. Likita ya ce ƙwayoyin da ya rubuta sun yi aiki fiye da yadda ya zata. Na ce ƙwarai kuwa. Aka sa rana, aka yi aikin, Baba ya tashi. Abin da ya fara tambaya bayan salati shi ne ko an mayar wa matar nan kwanonta.

Da ya warware aka ce ya riƙa ɗan tafiya, sai ya ce shi sama zai yi tafiyarsa. Muka hau, yana hutawa a hanya, ina riƙe da gurasa. Ta buɗe ƙofa tana dafe da sanda, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe akwai fuska a ƙarƙashin rawanin."

"Ashe muryar tana da mai ita."

Ta sa na ɗauko tukunya daga kicin. Miyar kuɓewa ce. Tun daga ƙamshin tafarnuwar na san ba irin ta kwando ba ce. Baba ya sa gurasa, ya kai baki. Ya dubi ƙusar bayan ƙofa da ba komai a jikinta, ya dubi matar, ya dube ni. Na dubi silin. Ya cinye kwanon tas, ya goge da gurasa, ya share ido da gefen rawani ya ce barkono ne. Babu barkono a ciki.

"Kin koya," ya ce.

"Na samu malami."

Ya tashi ya dafa bango har barandarta, ya leƙa titi.

"Kai mai amalanke! Ku mutanen ƙasa! Ku shaida, matar nan ta iya girki yanzu. Ni na koya mata!"

Da haka sunanta ya dawo, sai dai ya dawo da gyara. Har yau a titinmu akwai masu cewa Ummu Milad ta iya miyar kudu ne a hannun wani tsoho daga Kena. Ba ta taɓa musantawa ba. Girkin baikon nan dai ya riga ya wuce ta.

Baba ya koma gida da ƙafarsa, yana can yana rigimar iyakar gona. Ni ina nan hawa na uku, ina sayen mai a wajen Fanus, ina wuce matan bakin hanya ba na ko waiwaye. Duk kaka kwando yana zuwa ta jirgi, an ɗinke bakinsa da tsumma, da saƙon baki cewa a kai wa ɗalibarsa. Nakan hau da shi. Takan farke zaren, ta shinshina kuɓewar, ta ce ta bara ta fi. Sannan ta ce in sauka in jira kwano.