Ungozoma Hindatu da Rigar Lamba Tara

Hindatu ungozoma ba ta da daɗin sha'ani, kuma ba ta taɓa neman a ce tana da shi ba. A shiyyarsu ta bayan kasuwar Illela, duk wanda bai kai shekara talatin da biyar ba ita ta yanke masa cibi, kuma takan tuna masa da haka ko a gaban surukansa ne. Doguwa ce busasshiya, goro ya rina mata haƙora. In mai naƙuda ta cika ihu, sai ta daka mata tsawa, "Rufa muna baki, ba kanki anka fara ba!" Amma hannunta na da sa'a, shi ya sa ake haɗiye baƙar maganarta a aika a kira ta.

Abin da ya fi hannun nata ma shi ne kanta. Ko bihim ba ta sani ba, amma nuna mata kowane ɗa a shiyyar, za ta faɗa maka watan da ya faɗo, ta faɗa maka ko gero ya fid da kai a lokacin, ko an yi ruwa ranar. In gardama ta tashi kan wa ya girmi wa, mai unguwa da kansa wurinta yake aikowa. Masu ƙinta suna da yawa, amma ko cikinsu babu wanda ya taɓa cewa ya kama ta da ƙarya.

Mutum ɗaya tak take sassauta wa murya, jikanta Maccido. Uwarsa, ɗiyarta, ta rasu yana kan nono, uban kuwa ya ƙetara iyaka zuwa Ƙonni bai sake waiwayowa ba. A ƙarshen shekarar fari aka haife shi, saba'in da uku, lokacin da rumbuna suka zama wayam. Haka ya tashi ɗan tsurut, ƙafafu kamar sillen kara. Amma kai, ba shi ƙwallo ka gani! Sai ya yanke yaro uku a faɗin tabarma ɗaya ya bar su suna kallon juna.

A tamanin da biyar iyaka na rufe. Fatauci ya kwanta, 'yan canji na hamma a kan benci, samari ba su da abin yi sai taruwa kallon ƙwallon yara. Ana cikin haka aka ce za a yi gasar 'yan firamare, ta waɗanda aka haifa cikin saba'in da uku kaɗai, kuma za a zo daga Sakkwato a ɗebi waɗanda suka yi fice a kai su makarantar kwana. Maccido ya daina zancen komai sai wannan. Hindatu ba ta san kan ƙwallo ba, amma ta san marayan da ba shi da gona ba shi da jari ba kullum ake buɗe masa irin wannan ƙofa ba.

Mai zaɓen yaran shi ne Malam Mukhtari, malamin wasanni, wani mai ji da kai da ko masallaci da usur a wuya yake zuwa. Ya sa su suka buga na 'yan mintoci, Maccido ya wulaƙanta kowa, ya ci biyu. Sai malam ya jera su a jikin bango kamar mai sayen raguna, ya bi yana taɓa kafaɗar dogayen. Rigar lamba tara, ta mai cin ƙwallo, ya miƙa wa Lawwali ɗan Dabo mahauci, wani ƙaton yaro mai wuya. Maccido aka ce ya riƙa zama a gefe ko wani zai ji ciwo.

Ranar bai taɓa tuwo ba. Da safe Hindatu ta yafa zane ta nufi makaranta, ta iske malamin a bakin ofis.

"Malam, mi yaron ga yai maka?"

"Inna, ƙarami na. In anka ture shi faɗuwa zai yi."

"Ƙarami na don daga baya ya zo! Gardawan nan naka ni na karɓe su, duk 'yan farkon shekara na. Sun sha nono wata goma shi bai ko buɗe ido ba. Ba gwani ka zaɓa ba, wanda ya riga zuwa duniya ka zaɓa."

Wallahi gaskiya ta faɗa, kuma da Mukhtari yana da hankali ko na ƙwabo da ya tsaya ya yi tunani. Ina! Sai ya yi dariya a gaban yara ya ce, "Takarda shekara ta ce, ba ta ce wata ba. Tafi ki ji da masu jego, Inna, wannan ba fagenki ba na."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula, ta tofar da jan goro dab da ƙafarsa, ta juya.

Mako bai zagayo ba sai ga fagen nata ya zo. Masu gasa suka aiko cewa sai an kawo shaidar haihuwar kowane yaro, kuma kaf ƙungiyar babu mai takarda. Hedimasta ya aika a kira ta, Mukhtari na tsaye a gefe fuska a murtuke. Hedimasta ya riga ya duba tsohuwar kalanda, ya yi mata bayani dalla-dalla: shekarar ta kama ne saura mako biyu a yi layya ta shekarar fari. Duk yaron da ya riga wannan lokaci zuwa, ya fita. Aka riƙa shigo da su ɗaya-ɗaya, tana faɗin watan kowa ba ko inda-inda, har guda goma.

Sai aka shigo da Lawwali. Ta san ranarsa kamar jiya. Jajiberin wannan layyar ne, raguna na ta kuka a kowane gida, da ƙyar aka samo Dabo a kasuwa aka yi masa albishir. Yaron yana cikin shekarar sarai. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, abin da ya ƙara mata haushi ke nan. Ta dubi wuyan nan nasa, ta dubi usur ɗin Mukhtari.

"Wannan tun watan ƙaramar Sallah na, kafin layyar," ta ce. "Ya wuce."

Aka shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala. Lawwali ya fita yana waige, bai ma gane abin da ya faru ba sai da aka ce ya tuɓe riga.

Kafin la'asar Baraka, uwar Lawwali, tana ƙofar gidan Hindatu, mayafi a kugu. "Tsohuwar banza, Allah ya isa! Da naman layya munka yi suna, ke da kanki kin ci! Fito ki rantse!" Hindatu ba ta fito ba. Daga ciki ta ce in ta gama haushin ta ja mata ƙyaure. Sai dai fa rabin shiyyar sun ci naman sunan nan, kuma sun tuna. Dabo ya je makaranta ya yi ta kumfar baki, aka ce masa takarda ta riga ta tafi, kuma shaidar iyaye ba ta karɓuwa a kan ɗansu. A makon nan mata biyu suka haihu a shiyyar. Har Kalmalo aka tura babur aka ɗauko wata ungozoma, Hindatu na zaune tana jin guɗar daga tsakar gidanta.

Ta dake. Ai Maccido ya samu rigar lamba tara, ko ba ita ake wa ba? Ta zo masa har gwiwa, ita ta kama masa gefen da zare.

Ranar wasan farko, da yaran Tozai, gari ya cika fili. Hindatu ta tsaya can baya a gindin bishiyar dogon yaro, ita kaɗai ce tsohuwa a wurin, kuma babu wanda ya matsa mata ta gani sosai. Aka hura usur. Maccido ya ruga ya buɗe, ya ɗaga hannu, ba a ba shi ba. Ya sake buɗewa, ba a ba shi ba. Tun tana cewa ba su gan shi ba ne har ta gane. Yara goma sun haɗa baki. Can daga cikin samari wani ya fara, "Ɗan ungozoma! Ɗan ungozoma!" sauran suka ɗauka da tafi.

Mukhtari kuwa, mugun, yana da yaran canji zaune amma ya ƙi fitar da shi. Ya harɗe hannu yana satar kallon gindin dogon yaron, so yake ta kalla har ƙarshe. Saura kaɗan a tashi, Maccido ya tsinci kansa shi kaɗai a gaban raga, gola ya faɗi. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Yaron da ke riƙe da ƙwallo ya dube shi ido cikin ido, ya juya ya doka ta waje. Aka tashi an ci su biyu ba ko ɗaya. Mutanen Sakkwato suka rubuta sunayen yaran Tozai uku suka shiga motarsu.

Ta riga shi isa gida, ta zuba masa fura. Ya shigo da rigar a hannu, fes, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ta fara zazzaga wa Mukhtari da yaran da iyayensu zagi, ya bari sai da ta nisa.

"Inna, yaushe anka haife ni?"

"Kai kuma mi ya kawo wannan? Saura kwana goma sha biyu layyar da ta biyo bayan fari, da hantsi. Uwarka ta riƙe ka ta yi dariya, ta ce kunnenka irin nawa na. Sau nawa zan faɗa maka?"

Ya daɗe yana kallonta. Duk abin da ya sani game da uwarsa daga bakin nan ya ji shi.

"Shi wannan gaskiya na," ya ce, "ko irin na Lawwali na?"

Ya ajiye rigar a kan turmi, ya fita bai sha furar ba.